Shinkafar Hankaka

Litinin, 4 ga Agusta, 5:40 na yamma

Masu gaisuwa sun watse. An kwashe kujerun coci, an kwance rumfa, saura ramukan ƙarafunta a tsakar gida, ruwan sama ya cika su. Na sami littafin nan a akwatin 'yata Hefzi, na makarantar nas ne, ta rubuta rabi ta bar rabi. Zan ɗora daga inda ta tsaya. Rubutuna bai kai nata kyau ba, ni aji shida na gama a Pankshin, amma ba mai duba min.

Jaririyar tana barci a gadona. Kwananta shida a duniya. A asibiti nas ta fito da ita cikin zani tana neman wanda zai karɓa. Ubanta yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa, ni na miƙa hannu. Na hau keke mai ƙafa uku da ita har gida Kakuri. Ban sace ta ba. Jinin 'yata ce.

Talata, 5 ga Agusta, 6:30 na yamma

Obiora ya zo. Mijin Hefzi, in ji takardar coci. Makanike ne a Sabon Tasha, kuma ko yau da yake makoki baƙin mai bai fita daga faratansa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da gwangwanin madara.

"Mama, abeg, in gan ta kawai."

Na ce tana barci.

"Ko fuskarta, Mama. Ba zan tashe ta ba."

Na ce sauro zai shigo. Ya ajiye madarar a dandamali, ya ce sunanta Ifunanya, wai Hefzi ce ta zaɓa tun cikin yana wata biyar. Na ce harshena bai iya wannan lanƙwasar ba. Ni Ƙarama nake ce mata.

Na ɗauki madarar bayan ya tafi. Da shi nake fushi, ba da madara ba.

Laraba, 6 ga Agusta, 2:00 na rana

Wayata tana ƙarƙashin katifa. Can za ta zauna.

Alhamis, 7 ga Agusta, 7:15 na yamma

Na koma aiki yau, da Ƙarama a baya. Martha, maƙwabciyata, ta ce ban yi kwanakin da ya kamata ba. Na ce in na ƙara wuni ɗaya ina kallon bangon nan zan haukace.

Shekara goma sha tara ina dafa wa Mama Saro abinci. 'Yar Indiya ce, mijinta injiniya ne a masaƙar Kakuri lokacin da marigayi Bitrus, mijina, yake saƙa a can. Masaƙa ta rufe, mazanmu duka sun rasu, ita ta zauna wurin ƙaramin ɗanta da yake riƙe da wani kamfanin roba a Kudenda. Ta haura saba'in. A kasuwar Kakuri ta koyi Hausa, shi ya sa ta fi ni iya tsawa.

Ba ta ce min sannu ba. Ta kwance min goyon da kanta, ta zauna da yarinyar a cinya ta daɗe tana kallonta. Sai ta lakato kwalli ta ɗiga mata a bayan kunne, wai maganin ido ne. Da ta juya na goge da bakin zanina. Ta gani, ta ƙyale ni.

A lungun falonta akwai gumakanta, har da mai kan giwa, da fitilar mai da turaren tsinke. Shekara goma sha tara ina share gefensu ban taɓa su ba, ita kuma ba ta taɓa tambayata dalili ba. Haka muke zaune lafiya.

Asabar, 9 ga Agusta, 6:45 na yamma

Ya sake zuwa. Madara da sabulun jarirai. Tana barci.

Litinin, 11 ga Agusta, 4:20 na yamma

Ina kwaɓa fulawar cafati, gurasarsu, sai hawaye suka zubo cikin kwanon. Mama Saro ta ce gishirin ya isa haka. Na yi dariya ina kuka, sai bakina ya ɓalle. Na zagi Obiora, na zagi garejinsa, na zagi ranar da motar makarantar su Hefzi ta lalace a gabansa. Na ce da bai ɗauke min ita ba da yanzu tana sanye da farin kaya a asibiti tana yi wa wasu allura.

Ta bari na gama. Ta ce, "Jemimah, me kike so?"

Na ce ba na son komai.

"Ƙarya kike. Wanda ba ya son komai ba ya fushi haka. A addininmu ana koya mana cewa baƙin ciki ɗan kwaɗayi ne. Ka so abu, ka ce naka ne, in babu shi babu kai. Sai a hana ka. Son ya koma fushi, fushin ya rufe maka ido, har ka kasa gane wanda ke tsaye a ƙofarka."

Na ce ni ba mai kwaɗayi ba ce, ban taɓa ɗaukar ko ƙwayar sukari a gidanta ba.

"Ba na sukari nake nufi ba. Na mutum ya fi wuyar magani."

Ta kama hannuna da ƙullu ya manne wa, ta zuba min mai a tafi, ta ce in ci gaba da kwaɓi. Ta ce haka ake riƙe ɗa: hannu yana aiki, amma ba ya mannewa. Na ce mata ɗa ba fulawa ba ne. Ta ce ta sani, ita ma ta binne nata, ko in ce ta ƙona, don su ƙonawa suke yi.

Ban taɓa sanin tana da wani ɗa ba. Shekara goma sha tara.

Talata, 12 ga Agusta, 3:00 na rana

Mako biyu.

Na tambaye ta labarin ɗan. Babban ɗanta ne, yana karatu a Indiya, babur ya kashe shi yana da shekara ashirin da biyu. Ta ce a garinsu ranar kwana goma ana dafa shinkafa, a dunƙula ta da baƙin riɗi, a ajiye a fili, dangi su koma gefe. In hankaka ya sauko ya ci, mamaci ya tafi ba sauran abin da ransa yake so. In ya ƙi, to akwai abin da ya rage masa a zuciya, sai dangi su yi ta faɗin alkawura ɗaya bayan ɗaya har a dace da shi.

Ta ce ranar hankaki sun cika bishiya, ko ɗaya bai sauko ba. Kawunsa ya yi alkawari, ƙaninsa ya yi, ubansa ya yi, shiru. Rana ta take. Sai ita ta matsa ta faɗi nata a hankali, kafin ta koma wurin zamanta ɗaya ya dira.

Na ce me kika faɗa? Ta ce miya tana ƙonewa.

A keke ina dawowa na ga hankaki uku a kan rufin tsohuwar masaƙa. Tun ina amarya nake ganinsu a nan, ban taɓa ɗaga kai na kalle su ba sai yau.

Alhamis, 14 ga Agusta, 7:00 na safe

Allah ya gafarta min. Na yi.

Na dafa shinkafa, riɗina fari ne amma na sa. Na ɗora farantin a kan katangar bayan gida. Na ce, Hefzi, zan riƙe miki ita, ba za ta yi kukan yunwa ba. Kajin Martha suka taso, na ɗauki sanda na tsaya ina korar su. Hankaka ɗaya ya zauna a kan falwaya yana kallona da farin ƙirjinsa kamar fasto. Minti arba'in. Ya tashi ya tafi.

Ni da nake jan waƙa a zumuntar mata.

Juma'a, 15 ga Agusta, 7:10 na safe

Na ce zan sa ta a makaranta har ta zama nas, ta gama abin da kika fara. Bai sauko ba.

Asabar, 16 ga Agusta, 7:05 na safe

Wataƙila shinkafar ce. Ke ba ki damu da shinkafa ba. Na yi gwaten acca da yakuwa, irin wanda kike lashe tukunya. Na ce ba wanda zai raba ni da ita, ko sama za ta faɗo.

Biyu suka zo yau. Suka yi ta ihu a kan falwaya, suka tafi.

Lahadi, 17 ga Agusta, 5:30 na yamma

Martha ta kama ni da safe, da sanda a hannu da faranti a katanga.

"Maman Hefzi, mene ne wannan? Tsafin matar nan ya kama ki?"

Na ce tsuntsu nake ciyarwa, ko an hana?

"To me ya sa kike dukan kajina? Su ba tsuntsaye ba ne?"

A coci na kasa jan waƙa, wata ta ja. Bayan an tashi Fasto ya kira ni ofis. Na ɗauka maganar faranti ce, ashe uwar Obiora ce ta iso daga ƙauyensu, sun je sun same shi da dattawansu. Ya ce, "Mama Jemimah, yarinya tana da uba. Ba ki da hujja a gaban Allah ko a gaban hukuma." Ya ce sun ba ni zuwa Asabar ta sama, talatin ga wata, ranar da kakarta za ta koma gida da ita, don Obiora ba zai iya reno shi kaɗai a gareji ba.

Kakarta. Ni kuma mece ce, mai aikin gida?

Litinin, 18 ga Agusta, 6:50 na yamma

Ya zo. Bai ce in nuna masa ita ba. Ya ajiye madara ya tsaya kawai, ruwa yana dukansa. Ƙarama ta yi kuka daga ciki, na ga ya dafa katanga. Ya rame, wandonsa da igiya ya ɗaure shi.

Na rufe ƙofa. Ba na son in ga ramarsa, tana ɓata min fushi.

Laraba, 20 ga Agusta, 1:30 na rana

Na haɗa jaka. Akwai motar Jos da sassafe, daga can Pankshin, daga Pankshin ƙauyen ƙanwar uwata a bayan dutse, inda ko waya ba ta shiga. Su zo su nemo mu.

Gwate kwana biyar a jere. Ko kusa da katangar ba su zuwa.

Alhamis, 21 ga Agusta, 8:00 na safe

Na ciro wayar don in kira wani a Pankshin ya sanar da ƙanwar uwata. Na sa caji, ta kunnu.

Suna nan. Huɗu.

Na mayar da ita ƙarƙashin katifa.

Juma'a, 22 ga Agusta, 6:00 na yamma

Na je yi wa Mama Saro sallama. Ban yi niyyar faɗa mata maganar faranti ba, amma ta fito. Na ce mata hankakin Kaduna ba su san al'adarta ba.

Ta tambaye ni yadda nake yi. Na kwatanta mata. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Kin tsaya a kan abinci da sanda, kina jiran tsuntsu ya sauko? Ko ni ce hankakan ba zan zo ba."

Na ji haushi. Na ce kaji ne za su cinye. Ta ce to su cinye mana.

Sai ta daina dariya. Ta ce wannan al'adarsu ce, ba ta ce in yi ba, ni ina da Yesuna. Amma tunda na fara, in san cewa ba abin da mai rai yake so ake faɗa wa shinkafa ba. Ta ce, "Duk alkawuran nan naki ne, Jemimah. Wanne ne nata?"

Ta ce bari ta faɗa min nata. Mijinta ne ya saya wa yaron babur ɗin, ita ta hana, bai ji ba. Daga ranar da labari ya zo ba ta ƙara yi masa magana ba, ta ƙudura in an gama makoki ba za ta dawo Kaduna tare da shi ba. Yaron kuwa ba abin da ya tsana kamar faɗansu. Abin da ta faɗa wa shinkafa shi ne, zan koma gida da babanka.

Na ce kin yafe masa ke nan a take? Ta ce ina, sai da ta shekara biyu. Amma a ranar ta dafa masa abinci. Ta ce abin da ake koya musu ke nan: ka yi abin da ya hau kanka yau, ko zuciya ba ta so, kada ka tsaya jiran ladan da zai biyo baya, ko sauƙi ko godiya. Ta ce baƙin ciki damina ne, yana zuwa yana wucewa, amma wanda ya tare masa hanya gidansa yake ci.

Ban san lokacin da na faɗa mata ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko littafin nan.

Ranar da Hefzi ta ce shi za ta aura, ta bar makaranta saura shekara ɗaya, na ce mata in ta shiga gidan nan ƙafata ba za ta taɓa taka shi ba. Na faɗa a gaban mutane. Ban je biki ba. Wata goma sha huɗu ina cika maganata, ina jin daɗin ana cewa Jemimah ba ta magana biyu. Ta aiko Martha ta gaya min cewa a al'adar mijinta uwar mace ce take zuwa ta zauna wata uku, ta yi wa mai jego da jariri wanka. Na ce su nemi wata uwar.

Ranar Litinin ɗin, jajibirin haihuwarta, da yamma ina tsince wake waya ta yi ƙara. Na ga sunanta. Na ce bari ta ɗan ji yadda na ji, gobe na kira ta. Ta sake kira. Ta sake. Ta sake. Ina zaune ina tsince wake.

Da safe Obiora ne ya aiko a ɗauke ni zuwa asibiti.

Mama Saro ba ta ce ba laifina ba ne. Na gode mata da ba ta faɗa ba. Ta riƙe hannuna ta ce wadda ta kira ni ba ta ƙare ba, jiki ne ya ƙare, wannan kam addinina da nata ba su yi musu ba. Sai ta ce, "Kina ta tambayar tsuntsu abin da take so. Ita da kanta ta kira ki sau huɗu."

Asabar, 23 ga Agusta, 11:00 na safe

Motar Jos ta tashi. Jakar tana bakin gado.

Lahadi, 24 ga Agusta, 4:00 na yamma

Ban je coci ba. Na wuni ina kallon Ƙarama. Goshin naki ne, Hefzi. Kunnuwan nasa ne, na daɗe da gani, ban rubuta ba.

Ba na so. Ina so a rubuta cewa ba na so.

Talata, 26 ga Agusta, 7:20 na safe

Mako huɗu.

Na ɗora gwate a katanga. Na ce, Hefzi, zan je gidanki. Zan kai masa 'yarsa da hannuna.

Na jingine sandar. Na shiga ɗaki na rufe taga.

Laraba, 27 ga Agusta, 3:40 na rana, Sabon Tasha

Jiya mai keke ya sauke ni a bakin layi, sai da na yi tambaya, don ban san gidan 'yata ba. Wata mai tuyan ƙosai ta nuna min, ta ce, "Ke ce mamanta? Kullum tana cewa kina hanya."

Obiora yana wanke hannu a bakin famfo. Da ya gan ni ya tsaya da kumfa a hannu. Na tsaya a bakin ƙofa, ƙafar ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Na ɗaga ta na shiga.

Na kwance goyon na miƙa masa. Ya goge hannu a riga sau uku kafin ya karɓa. Bai iya riƙo ba, kan yana lilo, na gyara masa gwiwar hannu. Wannan ne karo na farko da ya ga idonta a buɗe. Ya yi kuka irin na maza, ba sauti, kafaɗu kawai. Uwarsa ta fito, 'yar gajeruwar tsohuwa, ba ta jin Hausa ni ba na jin yarenta. Na shirya wa harara, sai ta rungume ni.

Can ya ce, "Mama, zo ki ga wani abu."

Ɗaki biyu ne gidan. Ya buɗe na biyun. Katifa sabuwa da ledarta, zanin gado mai fure, gidan sauro a ɗaure, bokiti da tawul, ƙullin acca a kan taga. A gaban katifar silifas shuɗi, an jera su suna kallon ƙofa.

Ya ce tun watan Mayu Hefzi ta gyara min shi. Ya ce ko uwarsa da ta zo a falo take kwana, ya kasa buɗe wa kowa. "Na ce mata, Mama no go come. Ta ce ban san ki ba. Ta ce bakinki ne kawai, za ki zo."

Na zauna a ƙasa. Ban iya zama a kan katifar ba.

Juma'a, 29 ga Agusta, 9:30 na safe

Kwana uku ina yi wa Ƙarama wanka safe da yamma. Ni ina wankewa, tsohuwar tana shafa mai. Wata uku aka ce. Na sami kwana uku.

Asabar, 30 ga Agusta, 2:15 na rana

Motarsu ta tashi ƙarfe bakwai. Na nuna wa tsohuwar da hannu cewa yarinyar ba ta son fida da zafi, kuma sai an jijjiga ta a kafaɗar hagu. Ta gyaɗa kai, ban san ko ta gane ba. Obiora zai raka su ya dawo. Ya ce da Kirsimeti zai kai ni in gan ta. Na ce to. Ban riƙe maganar da ƙarfi ba, ina koyo.

Na ce ya rubuta min sunan a takarda. Ifunanya. Na yi ta maimaitawa a keke har Kakuri. Ashe ba wuya.

Litinin, 1 ga Satumba, 5:50 na yamma

Da asuba na dafa ruwan madara, na wanke fida, kafin in tuna. Na sha shayi da ruwan.

Farantin yana kan katanga tun ranar Talata, fes, ruwan sama ma ya ɗauraye shi. Mama Saro ta tambaye ni ko hankaka ya ci. Na ce ban duba ba, wataƙila kajin Martha ne. Ta gyaɗa kai ta miƙo min kwanon fulawa.

Ta ce zafin zai ragu. Bai ragu ba. Na yi cafati goma sha biyu, duka sun tashi.

Abu ɗaya na ɗauko daga ɗakin, da izininsa. Yanzu na sa su. Hefzi, ban taɓa gaya miki lambar da nake sawa ba, kuma ƙafata ta hagu ta fi ta dama faɗi, kowane takalmi sai ya matse ni.

Daidai suke.